Yadda ake gina fargaba a fim ɗin makircin kashe shugaba

Ranar 22 ga Agusta 1962, 'yan ƙungiyar OAS, waɗanda suka ƙullaci Janar Charles de Gaulle saboda ya bar Aljeriya ta samu 'yanci, suka buɗe wa motarsa wuta a Petit-Clamart da ke bakin birnin Paris. Bai ji ko ƙwarzane ba. Ya ci gaba da mulkin Faransa har 1969, ajali ya same shi a gidansa a 1970. Bayan shekara uku da rasuwarsa Fred Zinnemann ya fito da The Day of the Jackal, fim na sama da awa biyu a kan maharbin haya da aka biya ya kashe de Gaulle. Duk wanda ya sayi tikiti ya san ba za a kashe shi ba, amma har yau masu kallo na zaman ɗar-ɗar a mintunan ƙarshe. Ke nan ɓoye ƙarshen labari ba shi ne ke riƙe mutum ba. Abin da ke riƙe shi tsari ne da ake iya koyo, kuma yawancin aikin a kan takarda ake gama shi tun kafin a taɓa kyamara. Ga yadda marubuci da darakta za su bi. Duk inda aka ambaci shafi, a ɗauka shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo.

Fara da zaɓen tambaya ɗaya

Kafin ka raɗa wa kowa suna, yanke shawarar tambayar da mai kallo zai riƙa yi a ransa, domin ita ce za ta nuna maka inda harbin zai faɗo a cikin rubutun.

In tambayar ita ce "za a iya hanawa?", harbin yana ƙarshe, komai kuma yana gangarowa zuwa gare shi. Haka aka gina fim ɗin Zinnemann, haka aka gina The Man Who Knew Too Much na Alfred Hitchcock, wanda ya yi a 1934 ya sake yi a 1956. In tambayar ita ce "wa ya sa aka yi, kuma za a bari gaskiya ta fito?", to kisan ya zo tun a kashi ɗaya bisa uku na farko, sauran fim ɗin bincike ne. Z na Costa-Gavras, wanda ya fito a 1969, shi ne babban misali. An ɗauko shi daga kisan ɗan majalisar Girka Grigoris Lambrakis a Tasalonika a watan Mayu 1963, aka ɗauki fim ɗin a Aljeriya saboda sojoji ne ke mulkin Girka tun 1967. Akwai hanya ta uku, wadda ta fi wuya: mutumin da za a yi amfani da shi bai san shi ne makamin ba, kamar a The Manchurian Candidate na John Frankenheimer a 1962.

Kada ka haɗa tambaya biyu da nauyi ɗaya. Marubucin da ya ɓoye wanda zai yi kisan, ya ɓoye wanda za a kashe, ya ɓoye ranar, yana zaton ya tara asirai, alhali ya bar mai kallo ba abin da zai ji tsoro a kai. Mutum ba ya fargabar abin da bai san yana tafe ba.

Zana jadawalin wa ya san me

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Hitchcock ya yi wa daraktan Faransa François Truffaut bayaninsa a doguwar hirarsu da aka buga littafi a 1966. Mutum biyu na hira a tebur, bam ya tashi, mai kallo ya firgita na daƙiƙa 15. In kuwa an nuna masa an ajiye bam ɗin a ƙarƙashin tebur, an gaya masa lokacin tashinsa, ga agogo a bango, to wannan hirar ta banza ta zama minti 15 na zullumi.

Ɗauki takarda ka ja layi huɗu a tsaye: lambar fitowa, abin da maharbi ya sani, abin da mai farautarsa ya sani, abin da mai kallo ya sani. Cike kowace fitowa daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar ita ce layin mai kallo ya fi sauran biyun cika a mafi yawan fim ɗin. Ya san sunan bogin da maharbi ke tafiya da shi kafin 'yan sanda su sani. Ya kuma san 'yan sanda sun gano sunan kafin maharbi ya sani. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce kake sayarwa. Duk inda ka ga fitowa uku a jere layukan ba su canja ba, nan fim ɗinka ya kwanta, ko da ana ta gudu da mota.

Sai ka huda rami tsakanin ɓangarorin biyu domin labari ya riƙa yoyo. A The Day of the Jackal, OAS ta tura wata mata ta zama farkar wani babban jami'i da ke zama a kwamitin sirri na farautar maharbin. Duk abin da aka tattauna da yamma, da dare ya isa kunnenta, kafin safiya ya isa ga maharbi ta waya. Mai kallo ya ga wannan tun da wuri. Saboda haka duk nasarar da Kwamishina Lebel, ɗan sandan da ke farautar maharbin, ya kawo gaban kwamitin, ranka na ce masa ya yi shiru. Ana toshe ramin ne a makare, lokacin da Lebel ya bayyana cewa ya sa an saurari wayoyin 'yan kwamitin kaf, ba tare da ya ware kowa ba.

Ka yarda ka ɓoye abu ɗaya tak, ka ajiye shi don ƙarshe. Zinnemann ya nuna an ƙera bindiga siririya mai kwancewa gunduwa-gunduwa, amma bai faɗi dalilin wannan siffa ba sai ranar aiki, da aka ga tsohon soja mai ƙafa ɗaya yana dogara sanda ya nufo shingen 'yan sanda.

Kafa rana, wuri da alama

Makircin da ba shi da rana ba ya tayar da hankalin kowa. Zaɓi ranar da ba za a iya ɗagawa ba, wadda shugaban ba zai iya ƙin fitowa ba. A fim ɗin Zinnemann ranar 25 ga Agusta ce, bikin tunawa da 'yantar da Paris daga mamayar Jamus, ranar da de Gaulle zai tsaya a fili ya maƙala wa tsoffin sojoji lambar yabo. Daraktan ya cika fim ɗin da agogo, na bango, na tasha, na hannu, har mai kallo ya shiga ƙirgen lokaci ba tare da an ce masa ya yi ba. A rubutun shafi 110, mai kallo ya san ranar, ko ya iya hasashenta, kafin shafi na 60. Mai binciken kuwa ya gano ta bayan nan.

Wurin kuma a nuna shi aƙalla sau biyu kafin ranar: sau ɗaya babu kowa, maharbi na zagayawa yana duba tagogi, sau ɗaya ta idon masu tsaro. Dalilin wannan zai bayyana a mataki na ƙarshe.

Alama ita ta fi komai daɗin aiki, kuma nan Hitchcock ya yi gwanintar da ta cancanci a tsaya a kanta. A The Man Who Knew Too Much za a harbi wani firaministan ƙasar waje a zauren kaɗe-kaɗe na Royal Albert Hall a Landan, daidai lokacin da makaɗi zai gwara manyan farantan tagulla biyu, domin ƙarar ta haɗiye ƙarar bindiga. Matsalar darakta ita ce mai kallo bai san wannan kiɗa ba, to yaya zai san an kusa? Sai ya sa masu makircin suka kunna wa maharbin faifan kiɗan, suka maimaita masa gaɓar. A zahiri maharbi ake koya wa, a gaskiya mai kallo ake koya wa. Da aka zo zauren, a fim ɗin 1956, kimanin minti 12 aka yi ba a jin maganar kowa. Ga Bernard Herrmann, mai tsara kiɗan fim ɗin, yana jagorantar makaɗa, ga mai farantan zaune ya harɗe hannu yana jiran lokacinsa, ga kyamara na bin takardar kiɗan layi-layi, ga bakin bindiga na leƙowa ta bayan labule. Ita kuma uwar da Doris Day ta fito a matsayinta tana tsaye tana kuka, domin an sace ɗanta, an ce in ta yi magana za a kashe shi. Ihun da ta ƙwalla a ƙarshe shi ya sa harsashin ya kauce.

Frankenheimer ya yi irin wannan da magana maimakon kiɗa. An gaya wa Raymond Shaw, wanda aka mayar makamin, jimlar da ɗan takarar shugaban ƙasa zai furta a jawabinsa a Madison Square Garden, a kanta zai ja kunama. Mai kallo ya ji jimlar tun kafin taron, don haka kowace kalma ta jawabin, wanda in da a wani fim ne da gundura zai yi, ta koma ƙirge. Dokar alama biyu ce: a koyar da ita aƙalla sau biyu, kuma ta kasance abin da kunne ko ido zai ga yana matsowa a hankali. Alamar da ke zuwa bagatatan, kamar bugun waya, ba ta yin wannan aiki.

Nuna maharbi yana aiki, ba yana barazana ba

Mugun da ke zare ido yana faɗin abin da zai yi ba ya ba kowa tsoro. Mai ba da tsoro shi ne wanda aka ga ya iya sana'arsa. Edward Fox, a matsayin maharbin, mutum ne mai fara'a da tsabtar tufafi, kuma kusan rabin fim ɗin sayayya da shirye-shirye yake yi: ya tsadance aikin dala 500,000, ya samo fasfo da sunan wani, ya je Genoa wajen maƙerin bindiga da mai buga takardun jabu, ya shiga daji ya rataye kankana a bishiya yana gyara saiti. Harsasan gwaji sun huda ta kawai. Na ƙarshe, irin wanda zai yi aikin da shi, ya tarwatsa ta. Ba a ce komai ba, amma daga nan duk lokacin da aka nuno kan de Gaulle kankanar ce ke faɗo maka a rai.

Ware wa shirye-shiryen nan shafi 25 zuwa 35, ka rarraba su, kada su zo a dunƙule. Kowane mataki ya ɗauko matsalarsa. Mai takardun jabu ya nemi ƙarin kuɗi da barazanar tona asiri, sai aka kashe shi a take, kuma wannan ne karo na farko da aka ga abin da ke bayan fara'ar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai kallo na son ganin aikin da aka fara ya kammala, ko da mugun aiki ne. Sai ka same shi yana jin tsoro kada a kama maharbi a kan iyaka, bayan minti biyar yana jin tsoro kada Lebel ya makara. Wannan rabuwar zuciya ita ke sa fim ɗin ya fi ƙarfin labarin ɗan sanda da ɓarawo. Don kada tausayin ya wuce gona da iri, sa maharbin ya kashe wani da mai kallo ya saba da shi wanda bai ji ba bai gani ba, wajen kashi biyu bisa uku na fim.

Ka ba shi kuma damar janyewa. A tsakiyar fim maharbin ya ji ta waya cewa asirin ya tonu, ya tsaya a mararraba, hanya ɗaya ta koma Italiya, ɗaya ta nufi Paris. Da ya zaɓi Paris, aikin ya tashi daga kwangila ya zama taurin kai.

Ɗaure hannun mai binciken

Jarumin da ke da sojoji, kuɗi da goyon bayan kowa zai gama aikin a minti 20. Lebel, wanda Michael Lonsdale ya fito a matsayinsa, an fara ganinsa ne yana kiwon tattabaru, kuma an ba shi aikin da sharaɗin sirri: ba sanarwa, ba jarida, shugaban kuma ba zai sauya ko taro ɗaya ba. Ba shi da sunan maharbin, ba shi da hotonsa. Hatta sunan da 'yan sandan Birtaniya suka kawo masa, daga baya ya tabbata na wani ne daban.

A fim irin Z, abokin gabar mai bincike shi ne ofishinsa. Hukuma ta ce hatsari ne, wani mashayi ne ya buge ɗan majalisar da babur mai ƙafa uku. Alƙalin binciken, wanda Jean-Louis Trintignant ya fito a matsayinsa, ba ɗan adawa ba ne, mutum ne mai bin ƙa'ida kawai, kuma shi ya sa abin ya yi armashi. Yana gano makircin ta ƙananan abubuwa: likitoci sun ce raunin kan na duka ne, shaidu daban-daban suna siffanta abu ɗaya da kalmomi iri ɗaya, alamar wani ne ya haddatar da su. Alƙalin gaske da aka kwaikwaya, Christos Sartzetakis, ya zama shugaban ƙasar Girka a 1985. In kana rubuta irin wannan, jera shaidu biyar ko shida, ka tsara yadda kowane zai ƙara bulo ɗaya, ka kuma tsara yadda za a tsorata ko a kawar da rabinsu. The Parallax View na Alan Pakula, na 1974, ya yi wannan da yanka ɗaya: wata 'yar jarida ta zo a firgice ta ce ana kashe waɗanda suka ga kisan sanata ɗaya bayan ɗaya, jarumin ya yi mata dariya, hoto na gaba gawarta ce a mutuware.

Shi kansa shugaban da ake hari, a rage nuna shi. De Gaulle kusan daga nesa ake hango shi. Abin da ake buƙata daga gare shi hali ɗaya ne da zai jefa shi cikin haɗari, girman kai ko ƙin tsaro ko son shiga jama'a.

Minti 10 zuwa 15 na ƙarshe

Nan ne yawancin fina-finai ke zubar da abin da suka tara, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: mai kallo bai san inda kowa yake ba. Zana taswirar wurin a takarda, ka sa ɗigo uku, maharbi, wanda ake hari, mai ceto. Buɗe fitowar da hoto mai faɗi da ya haɗa aƙalla biyu daga cikinsu. Ka tsayar da alƙibla: in maharbi na kallon hagun allo, wanda ake hari ya kasance ana jin yana hagu a duk hotunan da za su biyo baya. Da zarar kyamara ta tsallaka ɗaya gefen ba tare da an nuna ta tsallaka ba, sai a ga kamar bindigar ta juya baya, zullumin ya koma ruɗani.

Sa wa mai ceto shinge uku da ido ke gani, misali cunkoson jama'a, jami'in da bai yarda da shi ba, da matakalar bene. Lebel na zagaya shingaye yana tambaya har ya samu wani matashin ɗan sanda da ya ce ya bar wani gurgun tsohon soja ya wuce, ya ɗaga kai ya hango taga a buɗe a saman bene. Marco, mai ceto a fim ɗin Frankenheimer, haske ya hango a wani ɗan ɗaki can saman zauren.

Wajen tace hoto, a fara da hotuna masu tsawon daƙiƙa shida zuwa takwas, a riƙa ragewa zuwa biyu ko ɗaya. Kuskuren da aka saba shi ne a fara da sauri tun farko, sai a rasa inda za a ƙara. Lokacin allo kuma ya fi na gaskiya tsawo: abin da zai ɗauki daƙiƙa 30 a zahiri ana iya shimfiɗa shi minti uku ta hanyar zagaya ɗigo ukun nan, muddin kowace dawowa ta zo da ci gaba, ko da taku ɗaya ne.

Kiɗa kuwa a janye shi. Zinnemann bai ɗora kiɗan tsoro a kan fitowar ƙarshe ba, badujalar bikin ce da hayaniyar taro kawai. Pakula ya yi nasa a wani makeken zaure da babu kowa sai masu gwajin taro, muryar ɗan takarar da aka naɗa tana tashi a lasifika. Kiɗan da ke gaya wa mutum ya ji tsoro yana tuna masa cewa fim yake kallo.

Abin da zai sa harbin ya ci ko ya kuskure dole ya fito daga abin da aka riga aka shuka. Maharbin Zinnemann ya saita daidai, ya harba, amma a wannan daƙiƙar de Gaulle, mai tsayi sosai, ya sunkuya ya sumbaci kumatun sojan da ya ba lamba, bisa al'adar Faransawa. Baturen Ingila mai lissafin komai bai sa wannan a lissafi ba. Da bindigar ce ta cije, ko wani ya yi tuntuɓe, da an ce marubuci ya yi maguɗi. Bayan harbin kada a wuce shafi uku zuwa biyar. In fim ɗin na tambayar "wa ya sa?" ne, an yarda azzalumai su yi nasara: Z ya ƙare da juyin mulki da sakin manyan hafsoshin da aka tuhuma, The Parallax View ya ƙare da kwamitin bincike yana ɗora laifin a kan jarumin shi kaɗai, kamar yadda ya ɗora wa wani a farkon fim.

In labarin na gida ne

Kisan Janar Murtala Muhammed a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana da duk kayan da aka lissafa: shugaban da ya ƙi jerin gwanon motoci, cunkoson safiya a hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, da sanarwar Laftanar Kanar Dimka a rediyo. Izu Ojukwu, a fim ɗinsa '76 da ya fito a 2016, bai sa Murtala ko Dimka a tsakiya ba. Ya ƙirƙiri wani ƙaramin hafsa da aka zarga da hannu a ciki, da matarsa mai juna biyu. Wannan dabara tana magance matsala biyu: ƙarshen shugaban sananne ne amma na hafsan ba a sani ba, sannan ba a sa wa mutanen gaske maganar da ba su faɗa ba alhali iyalansu na raye. Duk abin da za ka jingina wa mai suna na gaskiya, ya kasance yana cikin bayanan shari'a ko tarihin da aka wallafa, sauran ka ɗora wa ƙagaggun mutane. Kafin ranar ɗaukar duk wata fitowa mai kakin soja ko bindigar wasa a kan titi, furodusa ya karɓi izinin 'yan sandan yankin a rubuce, ya sanar da mai unguwa, kuma in a Kano za a saki fim ɗin, a kai wa Hukumar Tace Fina-finai rubutun tun kafin a kashe kuɗin lokeshin.